Zuwa Ga Yaya Haruna: Na Sayi Babur Marar Wurin Goyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ƙane ke durƙusawa ya yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, makwancinka da haske da yalwa. Ni ne Lawal ƙanenka, wanda kake ce wa Lawandi. A Sabon Gari yanzu Alhaji Lawal mai burtsatse ake ce mini, har waɗanda suka girme ni haka suke kirana.

Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda. Na kuma san ko kana raye sai an karanta maka ita, tunda a aji uku ka ajiye littafi ka ɗauki fartanya don ni in ci gaba. To zan ɗora ta a shafina, duk mai son leƙe ya leƙa. Da gangan nake yi. Akwai maganar da na danne shekara goma sha ɗaya, ban faɗa wa matata ba, ban faɗa wa Yaya Ladi matarka ba sai kwanan nan. Kuma babur ne ya tono ta.

Gida lafiya lau. Injinan haƙa rijiyata biyu ne yanzu, har Funtuwa da Kano ana kirana aiki. Ba alfahari nake yi maka ba, ka dai san da bututu a kafaɗa na fara, lebura, da takardar sakandaren da ko a bango ban taɓa ratayawa ba.

Bara likita ya ce jinina ya hau, in nemi wani abu da zai riƙa fitar da ni daga ofis wanda ba neman abinci ba ne. Ban san me zan nema ba, don ni ban iya hutu ba. Sai wata Asabar ina dawowa daga aiki a bayan Basawa na ga mutum huɗu sun ɓullo daga cikin gonaki a kan wasu dogayen babura, taɓo har saman hulunansu, suna dariya kamar yara. Ɗayansu malamin jami'a ne, da furfurarsa da komai. Na tsayar da su na tambaye su ina za su kai kaya. Suka ce babu kaya. Na ce to wa suke nema a dajin. Suka ce ba kowa, hawa kawai suke yi don daɗi. Ka ji fa, Yaya. Mutum ya zuba mai, ya shiga daji, ya dawo bai kai kowa ko'ina ba. Na yi musu dariya na wuce. Wata biyu bayan nan nawa ya iso daga Legas a cikin akwatin katako.

Bari in kwatanta maka shi, don ba ka taɓa ganin irinsa ba. Dogo ne, idan na hau da ƙyar yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa. Ruwan lemo ne da fari. Tayoyinsa masu haƙora ne kamar na tarakta, cizon laka suke yi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma ƙararsa kaifi gare ta, ba irin ta naka ba mai tari kafin ya tashi. Sirdinsa siriri ne, ya miƙe daga tanki ya ƙare a iska. Babu kariyar ɗora kaya. Babu matakin ƙafa na baya. Babu madubi ko ɗaya. Mai sayarwa ya ce mini a waya ai a daji ba a waiwaye, ko an sa madubi reshe ne zai karya shi.

A lokacin ban ji komai a wannan maganar ba.

Ka san al'adarmu. Sabon abin hawa ba a fara yawo da shi sai an kai wa na gaba ya gani, ya dafa, ya sa albarka. Baba ya tafi, Inna ta tafi, kai ma ka tafi. Na tsaya a ƙofar gidana a Hanwa da makulli a hannu ina tunanin wanda zan kai wa. Daga ƙarshe na hau na nufi Samaru wurin Bulus bakanike, amininka. Yana nan a rumfarsa ta Hayin Dogo. Ya tsufa, tabaransa ma da zare ya ɗaure shi, amma har yanzu da kunne yake gane ciwon inji.

Ya zagaya babur ɗin sau biyu. Ya dafa tanki ya yi addu'a irin tasu, na ce amin. Sannan ya shafa sirdin har inda ya ƙare, ya sunkuya ya duba inda matakin ƙafa ya kamata ya kasance, ya ɗago ya ce, "Lawandi, ina mutum zai zauna?" Na ce ai wannan na mutum ɗaya ne, haka masu shi suka ƙera shi. Ya ce, "To. Mashin ɗin marasa dangi ke nan. Da Haruna na nan, da ya ce ka mayar musu, ba su gama ƙera shi ba."

Muka yi dariya. Amma har na iso Kwangila maganar na bina.

Naka babur ɗin na tuna. Tsohon jan nan da ka saya hannu na uku, wanda sai an tura shi da safe, wanda ka shimfiɗa wa katako a kariya ka ɗaure da roba. Duk shekarun da na yi a sakandare shi ke kawo ni Samaru daga Unguwar Kanya, ni a baya, kwandon tumatir a kan tanki, littattafaina a cikin leda a cikin rigarka don kada ruwa ya taɓa su. Idan muka zo gangaren rafinmu kakan ce, "Riƙe ni, ba rigata ba." Har yau na san ƙamshin bayanka: hayaƙin itace, da ganyen tumatir, da sabulun wanki.

Kuma ba ka wuce mai tafiya a ƙasa. Wannan ya sha ba ni haushi. Mun makara, ga wata tsohuwa da ƙullin kaya a kai, sai ka taka burki. Ni in matsa in manne da kai, ita ta hau bayana. Ranar da na yi ƙorafi cewa za a yi mini bulala a ƙofar makaranta, ka ce, "Gaban ne nawa, Lawandi. Bayan na wanda ya gaji ne." Ba wa'azi kake yi mini ba. Faɗa kawai ka yi, kamar mai cewa yau Laraba. An kuwa yi mini bulalar.

Sau ɗaya tak na taɓa goya ka. Ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe ka zo ɗaukata, sai ka sauka ka miƙa mini kan babur ɗin, ka koma baya ka zauna. Na ce zan kayar da mu. Ka ce, "Mai ilimi ba ya zama a baya." Haka na ja mu tun daga Samaru har gida. Kai kuwa ba ka matse ni da gwiwa ba, ba ka ce mini dama ko hagu ba. Idan zan sha kwana sai ka kwanta tare da ni, in miƙe ka miƙe. Ban taɓa goyon wanda ya iya zama kamarka ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hawan nan da daɗi. Kowace Asabar idan gari ya waye mukan haɗu a Samaru mu kutsa daji. Suka koya mini cewa wannan ba zama ake yi a kansa ba, tsayuwa ake yi a kan matakai, a saki gwiwa, a bar babur ya yi rawarsa a ƙarƙashin mutum. Na faɗi sau ba adadi. A wata fadama bayan Bomo na nutse har cinya, manoman rake suka ciro ni suna cewa, "Alhaji, ga lafiyayyar hanya can, me ya kawo ka nan?" Matata ta ga gwiwata ta ce wasan da ban yi da ƙuruciya ba shi nake ramawa da furfura. Gaskiyarta ce. Amma ranar da na fara haye wani kwazazzabo ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba, na yi ihu a cikin hular kwano, ni mai shekara hamsin da biyu, ba wanda ya ji sai ni. Jinina ya sauka. Likita ya ce ko me nake yi in ci gaba.

Zamani dai ya canja bayanka. Ƙarar babura a daji yanzu ba abin murna ba ne ga mutanen ƙauye. Don haka muna da doka: kafin mu shiga kowane gari sai mu rage gudu, mu cire huluna, mu yi sallama a ga fuskokinmu.

A fita ta shida ko ta bakwai ne abin ya fara. Na rabu da abokan hawa na bi wani burtali tsakanin gonakin dawa. An yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙamshi. Na zo wani gangare mai ɗan rafi a ƙasa. Ina sakin mai sai na ji bayan babur ɗin ya zauna. Ka san abin da nake nufi, duk wanda ya taɓa goyo ya sani: yadda baya ke ɗan nutsewa idan mutum ya hau, kan ya yi sauƙi a hannu. Haka na ji, ba ragi. Na kai ido inda madubi ke zama. Babu madubi. Kuma ban iya juya wuyana ba, ba kuwa hular ce ta hana ni ba.

Na haye rafin, na hau tudu, nauyin ya sauka. Na tsaya na kashe inji. Dawa ce kawai ke motsi.

Na ce gajiya ce. Asabar ta gaba ya dawo, ta gaba ma haka. Ba ya zuwa a kwalta, ba ya zuwa idan muna tare da jama'a. Sai ina ni kaɗai, a jar ƙasa, bayan an yi ruwa. Ba ya taɓa ni, ba ya magana. Zama kawai yake yi. Idan zan sha kwana sai ya kwanta tare da ni, in miƙe ya miƙe.

Ni musulmi ne, Yaya. Na san wanda aka binne ba ya dawowa hawan babur. Na yi addu'o'in da na sani, na ƙara da waɗanda na tambaya. Na kai wa Bulus ya duba mini shokan baya, abin nan da ke shanye gargada, ko shi ke saki. Ya kwance, ya duba, ya mayar, ya hau da tsufansa ya zagaya ya dawo. Ya ce, "Mashin lafiyan shi lau. Mai shi za a duba." Ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

To ga maganar.

Ka tuna daminarka ta ƙarshe. Wata Talata na yi babban baƙo daga Kaduna, yana son a haƙa masa rijiyoyi a gonarsa da ke gaba da mahaɗar ƙauyenmu. Aiki ne irin wanda ke ɗaga mutum daga ƙaramin ɗan kwangila ya zama babba, kuma shi ya ɗaga ni. Na ɗauke shi a a-kori-kurata, yana gaba cikin farar shadda, turarensa ya cika motar. Ruwa ake yi, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan. Ya tambaye ni asalina. Na ce masa ni ɗan Sabon Gari ne. Na ce masa ba wanda ya tsaya mini a duniya, ni na yi kaina da hannuna. Na saba faɗin haka, da santsi yake fita.

Ban rufe baki ba muka sha kwanar ɗorawar nan, na gan ka.

Kana turo babur ɗinka, ka nufo kwalta. Sarƙa ta tsinke tana ja a ƙasa. Buhu biyu a kariya, rigarka ta manne a jikinka, wando a naɗe, taɓo har gwiwa, takalmanka a rataye a kan babur. Muna matsowa sai ka sunkuya wajen tayar baya. Bayan motata wayam yake, Yaya. Da ya ɗauke ka, da babur, da buhunan, har da sauran wuri. Ko juyawa na yi na kai ka bakin kwalta, bai fi minti goma ba. Ƙafata ta tashi daga totur ta nufi burki, na ji ta. Sai baƙon ya ce, "Allah sarki, talaka na shan wahala." Na ce, "Wallahi kuwa, ranka ya daɗe." Na mayar da ƙafar inda take.

A madubi na ƙarasa kallonka. Ka miƙe, ka bi motar da ido, kana ƙanƙancewa, har kwana ta raba mu.

Da muka dawo da la'asar ba ka nan. Sai sawun taya da sawun ƙafa a laka, suna tafe tare har kwalta. Duk tsawon hanyar baƙon na magana, ni ina bin sawun da ido.

Bulus ya taɓa ba ni labari cewa a ranar ka iso rumfarsa haƙoranka na haɗuwa, ka ƙi shan shayi sai an gyara sarƙa. Kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da kai, tari ya biyo baya. Na zo asibiti na yi duk abin da ake yi, mutane na ta yabona, wai ɗan'uwa na gari. Ka riƙe hannuna ka tambaye ni ko aikin baƙon nan ya samu. Na ce ya samu. Ban tambaye ka yadda aka yi ka san da wani baƙo ba. Kwana tara ka yi. Likita ya ce ciwon ya daɗe a ƙirjinka, ba ruwan ne ya kawo shi ba. Ajali ne, na sani. Amma ni na san inda ƙafata ta je ta dawo.

Tun daga nan ban ƙara bin hanyar ɗorawa ba. Da sallah sai in aika wa Yaya Ladi kaya ta hannun mutane, in ce aiki ya yi yawa. Daga baya ruwa ya cinye kwalbatin rafinmu, mota ta daina shiga da damina, na samu hujja mai kyau na riƙe. Sai ga shi ni da kaina na sayo abin da babu hanyar da ke gagararsa. Hujja ta ƙare.

Asabar uku da suka wuce na ce wa abokan hawa su tafi, ina da wani wuri. Na bi ta Shika na sauka daga kwalta. Tun kafin ɗorawa nauyin ya hau, kuma wannan karon bai sauka a tudu ba. Muka wuce ɗorawar tare, muka gangara rafinmu tare. Na so in ce riƙe ni, ba rigata ba.

Na manta da dokarmu. Na shiga Unguwar Kanya da ƙara, fuska a rufe. Mata suka kwashi 'ya'yansu suka shige gidaje, wani dattijo ya miƙe da sanda. A garin da aka binne cibiyata. Sai da na cire hula na faɗi sunan Baba kafin ya sauke sandan.

Na tarar da Yaya Ladi a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta tsufa, ƙafarta ta dama a kumbure. Ta dube ni, ta dubi kayan da ke jikina, ta ce, "Alhajin birni, ɓatan hanya ka yi ko yaƙi za ka?" Ta shimfiɗa mini tabarma. Ta kawo mini ruwa a kwanon shanka, na gane shi da lotsawar gefensa.

Ban yi zagaye ba, don na san idan na yi zan tashi ban faɗa ba. Na ce mata ranar da sarƙarka ta tsinke na wuce ka a mota.

Ta ce ai ta sani. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce da ka dawo gida ranar, kana rawar sanyi kana murmushi, ka ce mata, "Yau na ga Lawandi da babban mutum a gaban mota. Da na hango su sai na sunkuya kamar ina duba taya, kada yaron nan ya gan ni ya ce zai tsaya, ga ni duk taɓo, in ɓata masa aiki. Allah Ya taimake ni bai gan ni ba." Ta ce har a gadon asibiti ka sake ba ta labarin, kana jin daɗin dabararka.

Yaya, shekara goma sha ɗaya ina zaton ka tafi kana fushi da ni. Fushi na shirya wa. Ban shirya wa wannan ba.

Ga ƙofa ta buɗe mini. In yi shiru, in sha ruwana, in tashi da mutuncina, ita ma ta ci gaba da zama da labarin da ke sanyaya mata rai. Ka san ni da son a gan ni da kyau. Amma na ji a jikina cewa idan na hau babur ɗin nan da wannan shirun ba zan kai kwalta ba. Na ce, "Yaya Ladi, na gan shi. Tun kafin ya sunkuya na gan shi."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Kaza ta zo ta ci daga faifan, ba ta kore ta ba. Sannan ta ce, "Da ka bar ni da wanda na sani." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na zauna har aka kira azahar. Na je masallaci na dawo na sake zama a tabarmar. Can ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba, ta ce ranar Litinin likitan ƙafa ya ce ta koma asibitin Shika, in zo in kai ta. Na ce zan kawo mota bakin rafi a taimaka mata ta haye, don wannan babur ɗin ba shi da wurin goyo. Ta ce, "Wanka bai taɓa ce mini babu wuri ba."

Ranar Lahadi na jira Bulus ya taso daga coci. Ya kira maƙwabcinsa mai walda. Suka yanko ƙarfe suka haɗa kariya, suka ɗora katako da soso suka rufe, suka ciro matakan ƙafa daga wani mataccen babur suka liƙa. Ina tsaye ina kallon tartsatsin wuta na zuba a kan fentin da nake gogewa da auduga kullum. Bulus ya ce, "Madubi fa?" Na ce a sa. Bai tambaye ni dalili ba. Da aka gama ya ja da baya ya duba ta saman tabaransa ya ce, "Yanzu aka gama ƙera shi." Bai san sauran labarin ba tukuna. A wannan takardar zai ji, kuma zan je in tsaya a gabansa ya faɗa mini abin da zai faɗa.

Abokan hawa sun ce na lalata abu mai kyau. Malamin jami'ar ya ce kamar an ɗora wa barewa mangalar jaki. Ban musa ba, gaskiya ya faɗa, munin ya fito.

Ranar Litinin sai da aka kifa turmi Yaya Ladi ta taka kafin ta hau, tana faɗa, wai wane irin raƙumi ne na kawo mata. Maƙwabta na dariya. Ƙarfen kariyar ta riƙe, ba ni ba. Na tafi a giya ta ɗaya da ta biyu, babur ɗin da aka ƙera don tsalle yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A gangaren rafi na ce mata ta riƙe ni. Sai da taya ta shiga ruwa na ji hannunta a kafaɗata. Da muka zo ɗorawa ta ɗan matsa kafaɗar ta ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Na kashe inji. Ba mu sauka ba. Ta yi maka addu'a a hankali, ina cewa amin. Sannan ta ce, "Mu je, kada layi ya yi tsawo."

Ban san ko ta yafe mini ba. Ban tambaye ta ba. Litinin mai zuwa ma zan je.

Abin da ya zaunar da ni rubuta maka shi ne wannan. Tun ranar nauyin bai dawo ba. Na ɗauka zan ji daɗi. Asabar da ta wuce an yi ruwa da asuba, na fita ni kaɗai, na nemi burtalin nan na farko. Na gangara rafin a hankali. Na hawo na sake gangarawa, har sau uku. Baya wayam. Na duba sabon madubin, hanya ce kawai da dawa. Wata huɗu ina roƙon Allah Ya sauke mini abin nan. Yanzu da aka yi wurin zama, da katako, da soso, da inda za a sa ƙafa, babu kowa. Ashe a duk shekarun nan ban taɓa kusantarka kamar a waɗannan gangaren ba, ni kuwa ina ta neman tsari.

A hanyar dawowa na cim ma wani tsoho da fartanya a kafaɗa yana jan ƙafa. Na tsaya. Ya tsorata, sai na cire hula na yi masa sallama na ce ya hau in rage masa hanya. Ya taka dutse ya hau. Bayan ya ɗan nutse, kan ya yi sauƙi a hannuna, daidai yadda na sani. Har muka isa garinsu ban duba madubi ba.

Masu karanta wannan sun sha jin na ce ni na yi kaina. Su ji yau: a bayan tsohon babur ɗinka aka kawo ni, da littattafaina a cikin rigarka.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya gafarta maka. Yadda ba ka taɓa wuce mai gajiya a hanya ba, kada rahamarSa ta wuce ka. Ya ba Yaya Ladi lafiyar ƙafa da sanyin zuciya. Ni kuma Ya yafe mini abin da na yi ina gani. Idan Ya ƙaddara mana haɗuwa, ina roƙonka abu ɗaya: kada ka sunkuya. Ka tsaya a inda zan gan ka, zan taka burki.

Naka ƙane,
Lawandi
Hanwa, Zariya